Nutso a Tafkin Hamada: Darasi Daga Tafkin Mead

A ranar 21 ga watan Yuli na shekarar 1948, wani ƙaton jirgin saman sojan Amurka samfurin B-29 ya sauko ƙasa-ƙasa a bisa Tafkin Mead, wanda ke kan iyakar jihohin Nevada da Arizona. A wannan rana ruwan ya kwanta lumui tamkar madubi, har ya yi wuya matuƙin ya tantance tazarar da ke tsakaninsa da shi. Jirgin ya daki ruwan, mutum biyar ɗin da ke ciki suka tsira da rayukansu, shi kuwa ya nutse. Ya yi shekara fiye da 50 a ƙarƙashin ruwa kafin wasu masu nutso su gano inda yake a shekarar 2001.

Abin da ya ruɗi matuƙin nan shi ne yake ruɗin masu nutso da yawa a tafkunan hamada, wato kwanciyar ruwa. Akwai masu ganin cewa duk wanda ya iya nutso a teku, shiga tafki a wurinsa wasan yara ne, tun da babu igiyar ruwa, babu gishiri, babu miyagun kifaye. Wannan tunani kuskure ne. Tafkin da aka tare da madatsa a tsakiyar hamada yana da nasa sharuɗɗan, kuma bai kamata a bar kowa ya yi zurfi a cikinsa ba sai ya koye su.

Yadda Tafkin Yake

Tafkin Mead ya samu ne sakamakon gina Madatsar Hoover a kan Kogin Colorado, wadda aka kammala a shekarar 1936, mai tsayin mita 221. Ruwan ya malale kwaruruka da tsaunuka da gonaki, har da wani gari mai suna St. Thomas, wanda ya nutse a 1938. Saboda haka ƙasan tafkin ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Mutum na iya tsayawa a ruwa iya ƙugu, ya ƙara taku kaɗan ya tarar da kansa a bakin rami mai zurfin gaske.

Masu nutso irin na zamani, wanda ake kira sukuba, suna goya tukunyar iska a baya, suna shaƙa ta wata na'ura da ke daidaita ƙarfin iskar. Jacques Cousteau da Emile Gagnan ne suka ƙera irin wannan na'ura a Faransa a 1943. Mutane da yawa na zaton oksijin zalla ke cikin tukunyar, alhali kuwa yawanci iskar da kowa ke shaƙa ce aka matse, wadda kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ce. Daga wannan naitirojin ne babbar matsalar mai nutso take tasowa.

Matsi da Tudu

Duk zurfin mita 10 a teku yana ƙara wa jiki matsi daidai da nauyin iskar sararin sama. A ruwan daɗi sai an yi mita 10.3, domin bai kai ruwan gishiri nauyi ba. Ke nan a zurfin kimanin mita 30 matsin ya ninka na bakin ruwa sau huɗu, kuma mai nutso zai cinye iskar tukunyarsa da sauri sau huɗu. Wannan matsi yana tura naitirojin ta narke cikin jini da tsoka. Idan mutum ya taso sannu a hankali, sai ta fita ta huhu. Idan kuwa ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a cikin jiki, kamar yadda lemon kwalba yake yi in an buɗe shi farat ɗaya. Kumfar nan tana haddasa ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma mutuwa. Don kauce wa haka ne masanin nan ɗan Birtaniya, John Scott Haldane, ya fitar da jadawalin hawa daki-daki a 1908, kuma a kan aikinsa aka gina yawancin jadawalan da suka biyo baya.

To, a nan ne tafkin hamada ya bambanta da teku. Jadawalan da aka saba da su an tsara su ne don wuraren da ba su haura mita 300 bisa doron teku ba. Fuskar Tafkin Mead kuwa, ko a lokacin da ruwansa ya fi ja baya, ta haura wannan iyaka. A irin wannan tudu iskar sama ta fi sauƙi, don haka bambancin matsi tsakanin ƙasan ruwa da bakinsa ya fi girma. Gaskiya ne cewa ragin bai wuce kashi 4 cikin 100 ba a bakin tafkin, amma lissafin bai ƙare a nan ba. Wanda ya fito daga ruwa zai hau mota ya nufi Las Vegas, birnin da ke kan tudu kimanin mita 600, da ragowar naitirojin a jikinsa. Idan baƙo ne, wataƙila ma jirgin sama zai hau washegari, alhali shawarar likitocin nutso ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, ko awa 18 bayan nutso da yawa. Saboda haka hanyar komawa gida ma tana cikin shirin nutso.

Zafi a Sama, Sanyi a Ƙasa

Abu na biyu shi ne yanayin zafi. A watannin Yuni zuwa Agusta zafin iska a yankin yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma a watan Yuli na 2024 ya kai digiri 49 a Las Vegas. Rana tana ɗumama saman ruwan har ya kusa digiri 30, amma ruwa mai ɗumi ya fi sauƙi, sai ya zauna a bisa mai sanyi ba tare da sun gauraya ba. Mai nutso yakan ratsa iyakar da ke tsakaninsu cikin 'yan mitoci kaɗan, ya shiga ruwan da bai wuce digiri 11 zuwa 13 ba ko da wane lokaci na shekara.

Wannan ya jefa shi cikin tsaka mai wuya. Dole ya sa rigar roba mai kauri saboda sanyin ƙasa, domin ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau 20 ko fiye. Amma kafin ya shiga, yana tsaye a rana cikin wannan riga, ɗauke da kaya masu nauyi, gumi na zuba, busasshiyar iskar hamada tana shanye ruwan jikinsa. Zafi na iya kayar da shi tun bai taɓa ruwa ba. Haka kuma masana suna lissafa ƙarancin ruwa a jiki, da jin sanyi a ƙarshen nutso, cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon kumfar naitirojin. Wato hamada tana raunana jikin mutum a sama, tafkin kuma ya ƙarasa a ƙasa.

Duhu, Laka da Ja Bayan Ruwa

Gani a cikin tafkin ya fi kyau a lokacin sanyi. Da zafi gansakuka takan yawaita, kuma ruwan sama da kan sauko kwatsam a ƙarshen bazara yana kwararo laka daga kwaruruka. Ƙasan tafkin lulluɓe yake da laka mai laushi, wadda bugun ƙafa ɗaya ya isa ya tayar da ita, mutum ya kasa ganin hannunsa balle abokin tafiyarsa. Akwai itatuwan da ruwa ya ci, da zaren fatsa, da igiyoyin jiragen ruwa, waɗanda duk kan iya sarƙe mutum. Tun daga watan Janairu na 2007, lokacin da aka fara ganin baƙon makankari mai suna kwaga a tafkin, duwatsu da ƙarafa sun cika da ɓawonsa mai kaifi. Bugu da ƙari, kusa da kowace madatsa akwai bakunan bututun da ke zuƙar ruwa da ƙarfin da babu ɗan Adam da zai iya ƙwacewa, shi ya sa ake killace wuraren.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne zurfin tafkin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga shekarar 2000 zuwa watan Yuli na 2022 fuskar ruwan ta sauka da fiye da mita 50, saboda doguwar fari da yawan ɗibar ruwa, har abin da ya rage bai kai kashi 30 cikin 100 na cikinsa ba. Zafin rana kaɗai yana ɗauke ruwa mai kaurin kusan mita 2 daga fuskar tafkin duk shekara. Kangon St. Thomas ya sake fitowa fili, kuma an ga farin zane a jikin duwatsu yana nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa. Jirgin B-29 da aka tarar a zurfin fiye da mita 60 a 2001, zuwa 2015 bai kai mita 40 ba, wato ya shigo iyakar da aka yarda masu nutson nishaɗi su kai. Taswirar da aka zana shekara biyar da suka wuce tana iya zama ƙarya a yau.

Hujjar Masu Ja

Akwai masu cewa duk wannan tsoratarwa ce kawai. Hujjarsu ita ce dubban mutane sun koyi nutso a gefen tafkin lami lafiya, kuma yanzu akwai ƙaramar kwamfuta da ake ɗaurawa a hannu, wadda ke lissafa zurfi da lokaci, har da tudu. Wasu kuma suna ganin hukumar kula da gandayen shaƙatawa ta Amurka ta tsaurara da ta hana zuwa wurin jirgin sai da izini da jagora.

Maganarsu ta farko gaskiya ce, domin bakin tafki marar zurfi wuri ne mai kyau ga ɗan koyo a gaban malaminsa. Amma kwamfuta ba ta san mutum ya yini bai sha ruwa ba, ba ta san zai hau tudu bayan awa ɗaya ba, kuma ba ta kwance zaren da ya naɗe ƙafa. Game da jirgin kuwa, matsowarsa kusa ba ta rage sanyi da duhun wurin ba, sai dai ta ƙara yawan masu kwaɗayin zuwa. A zurfin mita 30 naitirojin takan fara juya hankalin mutum kamar mai maye, kuma a irin wannan hali ƙaramin kuskure ya isa. Dokar tana kare rayuka, tana kuma kare kayan tarihi daga masu ɓalle guntu don tsaraba.

Kammalawa

Masu iya magana kan ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Madatsun Tiga da Challawa da ke Jihar Kano su ma tafkuna ne da aka tare a ƙasa mai zafi, suna kan tudun da ya haura mita 300, ruwansu na cika da damina yana ja da rani, kuma akwai laka da kututture a ƙarƙashinsu. Duk ranar da za a horar da masu nutso don duba madatsa ko ceton waɗanda kwalekwale ya kife da su, wannan lissafi ne za a bi. Ya kamata malaman kimiyya su riƙa kawo irin wannan misali in suna koyar da dokar Boyle da dokar Henry, domin ɗalibi ya gane cewa abin da ke kan allo shi ne ke faruwa a huhun mutum da jininsa. Ɗalibai kuma su sani cewa iya iyo daban, nutso daban, kuma tafkin da ya kwanta shiru bai faɗi zurfinsa ba.