Fuskar Kuka a Waya Ba Dubiya Ba Ce

Ya kai mai karatu, tuna karon ƙarshe da wani abokinka ya rubuta a Facebook cewa an kwantar da shi a asibiti, ko mahaifiyarsa ta rasu, ko duniya ta yi masa zafi har barci ya ƙaurace masa. Me ka yi? Akasarinmu fuskar nan mai zubar da hawaye muke dannawa, mu zarce zuwa bidiyon barkwanci, zuciya sakayau kamar an sauke nauyi. Zan faɗa maka ba kwana-kwana: ba ka sauke komai ba.

Fara da sanin abin da kake dannawa. A shekarar 2009 Facebook ya fito da alamar ɗaga babban yatsa. A 2016 ya ƙara zuciya da fuskokin dariya, mamaki, baƙin ciki da fushi, sannan a 2020, lokacin annobar korona, ya kawo fuska mai rungume da zuciya. Waɗannan alamomi ma'auni ne da kamfani ke auna abin da ke riƙe idonka. Takardun da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 maki biyar ake ba kowace fuska, har da ta fushi, alhali babban yatsa maki ɗaya yake samu. Masu binciken kamfanin da kansu suka gano cewa rubuce-rubucen da ke tara fushi sun fi ɗauke da ƙarya da cin mutunci, daga baya aka janye wa fushin makinsa. Ashe hawayen da ka zaci ka aika wa ɗan'uwanka, cikin lissafin 'yan talla suka faɗa.

Me ya haɗa wannan da lafiya? Kaɗaici cuta ne. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa illar rashin cuɗanya da mutane ta yi kusa da ta shan taba kara 15 a kullum, kuma tana ƙara haɗarin ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon damuwa. Majinyaci yana bukatar wanda zai kawo kunu, ya bi layin sayen magani, ya ba da jini, ya zauna gefen gado ko da ba zai ce uffan ba. Wace alama ce ta taɓa yin ɗaya daga ciki?

Mafi muni shi ne halin wanda ya rubuta cewa ya gaji da rayuwa. Mutum ɗari za su danna fuskar kuka, kowa na zaton wani ya riga ya kira shi, ga shi wayarsa ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba. Irin wannan furuci neman agaji ne. Kira shi, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, hasali ma tana buɗe ƙofar magana. Idan ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da na kusa da shi, a kai shi ga likita a ranar.

Za ka ce da babu gara ba daɗi, kuma wanda ke Jidda ba zai zo dubiya Zariya ba. Haka ne. Sai dai wayar da ka danna alamar da ita, ita ce ke iya kira, ita ce ke iya tura kuɗin magani. Aibin alamar shi ne takan kwantar maka da hankali kafin ka yi abin da ya wajaba, ta bar mara lafiya da adadi maimakon mutane.

Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a yatsa ba. Daga yau, idan yatsanka ya nufi fuskar kuka, dakata. In kana kusa, taka ka je. In kana nesa, kira, ka ambaci sunansa, ka tambayi abin da yake bukata, sannan ka sake kira bayan mako guda, lokacin da masu danne-danne suka watse.