Ziyarar Ƙetaren Iyaka: A Fara da Takarda Kafin Guzuri

Da zarar an kai amfanin gona rumbu, ƙungiyoyinmu na gama kai sukan fara zancen ziyara. A 'yan shekarun nan wurare biyu ne suka fi shiga bakin mutane. Na ɗaya shi ne Cibiyar Songhai da ke Porto-Novo a Jamhuriyar Benin, wadda Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a 1985, inda kashin kaji da na aladu yake zama taki da iskar girki, ruwan tafkin kifi kuma ya koma lambu. Na biyu shi ne ƙasar Maraɗi a Nijar, inda tun 1983 ma'aikatan mishan na SIM tare da manoma suka soma barin kututturan itatuwa su sāke toho a cikin gona, aikin da mutanen can suke kira sassabin zamani. Muna goyon bayan irin wannan tafiya ƙwarai. Abin da manomi ya gani da idonsa a gonar wani manomi ya fi zama masa a rai bisa ga abin da malamin gona ya zana a allo.

Amma idan aka kawo mana lissafin tafiyar mu duba, mukan ga kuɗin mota, da na abinci, da na masauki, har da na lemo. Layin takardu ne kaɗai ba ya nan. In mun tambaya, amsar ɗaya ce kullum: "Ai ba a neman biza." Gaskiya ne ba a neman biza. Sai dai biza ɗaya ce kawai daga cikin takardun tafiya, sauran kuwa suna nan daram.

Bari mu rarrabe su, gama mutane da yawa suna haɗa su wuri ɗaya. Fasfo takarda ce ta ƙasarka, tana shaida ko kai wane ne. Biza izini ne na ƙasar da za ka, wanda kake nema tun kana gida. Hatimin shiga kuwa shi ne wanda jami'in shige da fice yake buga maka a bakin iyaka, da kwanan wata, domin a san ranar da ka shigo. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975. A 1979, a Dakar, shugabannin ƙasashen suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ce ɗan ƙasa ɗaya yana iya shiga wata ƙasar ƙungiyar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Yarjejeniyar nan da kanta ta gindaya sharaɗi: sai ya riƙe takardar tafiya mai rai da takardar shaidar rigakafi, ya kuma bi ta ƙofar da hukuma ta sani. Biza kaɗai aka ɗauke mana. Wanda ya so ya wuce kwana 90 kuwa, tilas ya nemi ƙarin izini a can.

Mun san abin da dattawa za su ce, ba kuwa za mu raina shi ba. Za su ce Katsina da Maraɗi ɗaki ɗaya ne, kakanninmu sun yi ta zuwa a ƙafa da jakuna babu wanda ya tambaye su takarda, har yau ma masu cin kasuwar Jibiya suna shiga suna fita. Haka ne. Amma mai cin kasuwar kan iyaka sananne ne, jami'ai sun san fuskarsa, da yamma kuma yana gida. Mota cike da baƙi daga Filato ko Kudancin Kaduna, masu niyyar kwana biyar, wani abu ne dabam. Ban da haka, zumunci bai taɓa hana hukuma tambayar takarda ba ranar da ranta ya ɓaci. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita, 'yan Nijeriya da yawa suka dawo hannu wofi, har da waɗanda aka haifa a can. A Janairu 1983 mu ma muka yi wa 'yan Gana da sauran maƙwabta haka. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sāke rufe iyakar arewa, ba a buɗe ta daga gefenmu ba sai Maris 2024. A ranar 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS gaba ɗaya. ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutanensu su shigo ba biza har sai an yanke wata shawara, amma wannan alheri ne na ɗan lokaci, ba yarjejeniyar 1979 ba ce. Saboda haka wanda zai kai jama'a Maraɗi bana kada ya dogara ga abin da ya sani shekara biyar da suka wuce. Ya rubuta wa ikkilisiyar da za ta karɓe su, ya tambayi ofishin shige da fice na jiharsa, ya kuma tambayi lafiyar hanyar kanta, gama hanyar Katsina zuwa Jibiya ta sha fama da 'yan bindiga.

Me yakan faru da ƙungiyar da ta tafi ba takarda? Sau da yawa takan isa, shi ya sa al'adar ta ƙi mutuwa. Direba ya san wani, a kowane shinge a miƙa abin shan ruwa, ko a sauke mutane su zaga ta daji a kan babur. Amma mu duba abin da aka saya da wannan arahar. Kuɗin da aka miƙa ba shi da rasit, ma'aji kuwa zai dawo ya tsaya gaban 'yan ƙungiya ya karanta lissafi, sai ya ɓoye shi a ƙarƙashin "kuɗin mai". Ƙungiyar da take buɗe taronta da addu'a ta koya wa ma'ajinta rubuta abin da ba haka ba ne. Wanda kuma ya shiga ba hatimi, a idon dokar ƙasar ba baƙo ba ne, mai laifi ne. Muddin kome yana tafiya lafiya ba za a gane bambancin ba. Ranar da mota ta yi haɗari, ko wani ya kwanta asibiti, ko, Allah ya sawwaƙe, aka bukaci a dawo da gawa gida, a ranar ce tambayar farko za ta zama: yaya kuka shigo?

To, a zo ga kuɗi, gama nan ne gizo yake saƙa. Daga 1 ga Satumba 2025 aka sa kuɗin fasfo mai shafi 32, na shekara biyar, naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Motar mutum 18, in kowa zai yi ƙaramin fasfo, naira 1,800,000 ke nan tun ba a sayi mai ba. Akwai takardar tafiya ta ECOWAS wadda ta fi arha, a 2014 kuma shugabanni suka amince da katin shaida na ƙungiyar da zai maye gurbinta, don haka sai a tambayi ofis wanne ake bayarwa. Wannan zai isa zuwa Benin. Zuwa Nijar kuwa, tun da ta fita, fasfo ya fi kwanciyar rai. Ra'ayinmu a nan ba zai yi wa kowa daɗi ba: gara ƙungiya ta aiki mutum huɗu da cikakkun takardu da ta aiki 18 a ɓoye. A zaɓi waɗanda za su iya koyo su dawo su koyar, a sa mace aƙalla ɗaya a ciki, tun da kiwon kaji da lambun bayan gida a hannun Zumuntar Mata suke, a kuma ɗauki kuɗin takardunsu daga asusu kamar yadda ake ɗaukar kuɗin taki. Ziyara ba ladan daɗewa a kwamiti ba ce.

Akwai wani tarko da yake kama mutanenmu fiye da kuɗi, watau suna. Ba a yin fasfo yanzu sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, abin da ke fasfo kuma dole ya yi daidai da abin da ke rajistar lambar. Mu kuwa mutum ɗaya yakan riƙe suna uku: na gida da kaka ta raɗa masa, na baftisma, da wanda malamin firamare ya rubuta yadda kunnensa ya ji. A wata takarda sunan uba ne a ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata sunan ƙauye. Mace ta yi rajista da sunan mahaifinta, katin ikkilisiya yana ɗauke da na mijinta. Ranar haihuwa fa? Rabin ƙauye an haife su ran 1 ga Janairu, in ka bi ta takarda. Gyaran harafi ɗaya yakan ci makonni da zirga-zirga zuwa babban gari. Magatakardan ƙungiya zai yi babban taimako in ya zauna da waɗanda aka zaɓa, ya shimfiɗa takardunsu duka a tebur, ya gwama su harafi harafi tun kafin a biya ko kwabo.

Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa. Ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne suke bayar da shi, tun 2019 kuma ana yin rajistarsa ta intanet. Allurar ba ta soma aiki a takarda sai bayan kwana goma, saboda haka ba abin da za a bari sai daren tafiya ba ne. Tun Yuli 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, ba sai an maimaita bayan shekara goma kamar dā ba. Muna jin cewa a waɗansu tashoshin mota ana sayar da katin ba allura. Mai sayensa ya tuna sauro ba ya karatu. Cutar nan ta yi ɓarna a Filato a 1969, ta yi a Oju ta jihar Binuwai a 1986, ta kuma sāke ɓullowa a ƙasar nan a 2017.

Ƙasashen da suke neman biza sosai, kamar Isra'ila da Ingila da Amurka, zancensu ya fi nauyi. Yawancin mutanenmu da suke zuwa Isra'ila ta hannun hukumar masu ziyarar ibada ta Kirista suke bi, wadda aka kafa bisa dokar 2007, waɗansu kuma sukan dawo da labarin ban ruwa na ɗigo-ɗigo da suka gani a can. Amma kowa ya san akan sami masu sulalewa daga ayari su ƙi dawowa. Ana ba su uzuri da talauci, talaucin kuwa gaskiya ne. Duk da haka wanda ya sulale ya tafi da sunan faston da ya rubuta masa wasiƙa, da na wanda ya tsaya masa, ya kuma ƙuntata ƙofa ga na baya. A Yuli 2025 Amurka ta rage yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Nijeriya zuwa ta wata uku, shiga sau ɗaya, zarce wa'adi kuwa yana cikin abubuwan da jami'anta suka yi ta ambata. Muna roƙon fastoci da shugabannin ƙungiya kada su sa hannu a wasiƙar da ta ce wane memba ne alhali ba memba ba ne, ko ɗan wane ne shi. Masu karanta Littafi Mai Tsarki za su tuna, a sura ta biyu ta littafin Nehemiya, cewa kafin ya tashi zuwa Urushalima sai da ya roƙi sarki Artashate wasiƙu zuwa ga masu mulkin ƙasashen da zai ratsa, ya kuma yanka wa sarki lokacin da zai dawo. Aikin Allah zai yi, amma bai ga takarda ta rage masa bangaskiya ba.

Dillalan biza kuwa, kalma ɗaya ta ishe su. Babu mai iya tabbatar maka da biza sai ofishin jakadancin ƙasar. Wanda ya ce ka sayar da shanun huɗa ka kawo kuɗi, tafiya tabbas ce, shanun yake so.

Dawowa ma tana da nata ƙa'ida, wannan kuwa ta shafe mu manoma kai tsaye. Babu manomin da zai ga iri mai kyau a gonar wani hannunsa bai yi ƙaiƙayi ba: 'yan sandunan rogo daga Porto-Novo, ƙullin irin albasar Galmi a aljihu. Shigo da iri ko dashe ko dabba mai rai yana bukatar izinin hukumar killace kayan gona ta tarayya, tare da takardar shaidar lafiyar shuka daga ƙasar da aka ɗauko. Ba neman wahalarwa ba ne. Farin ƙwaron nan da ya cinye rogo a faɗin Afirka daga Amurka ta Kudu ya zo, an fara ganinsa a yankin Kwango a 1973, sai da masanan IITA ta Ibadan suka kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro mai kashe shi, suka soma sakinsa a 1981, kafin aka shawo kansa. Wanda yake son irin da ya gani ya rubuto sunansa, mu nema masa ta hanyar cibiyoyin bincike.

Ƙungiyar da take nufin tafiya a Janairu ko Fabrairu, kafin sharar gona, ya kamata ta zaɓi mutanenta a taron Oktoba, ta gama duba sunaye a Nuwamba, a yi allura kafin Kirsimeti. Kowane matafiyi ya bar hoton takardunsa a hannun magatakarda, a kuma riƙe wasiƙar gayyata daga masu masauki, da Faransanci in zai yiwu, tun da shi jami'an Benin da na Nijar suke karantawa.