An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Wai shin har yaushe za a ci gaba da raina mana hankali? Duk ran da sakamakon jarrabawa ko rahoton albashi ya ƙi buɗuwa a intanet, sai 'yan kwangila su ce kwamfutar ofis ta tsufa, a ware kuɗi a sayo babba. Haba jama'a!

Ga inda gizo ke saƙa. Akan tara bayanai cikin fayil na XML, sa'an nan a sa XSLT ya juya shi ya zama shafin karantawa. To, XSLT na farko, na 1999, yakan ɗora fayil ɗin ɗungurungum cikin ƙwaƙwalwar na'ura kafin ya soma aiki, ya shimfiɗa shi reshe-reshe kamar bishiya, bishiyar nan kuwa takan ninka girman fayil ɗin. Fayil mai sunaye ɗari ba ya gagara. Mai miliyan fa? Ko an sayo babbar na'ura bana, baɗi ta cika, domin sunaye ƙaruwa suke yi.

Maganin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun 1998 akwai SAX, mai karanta fayil kaɗan-kaɗan yana sakin abin da ya wuce, XSLT 3.0 na 2017 ma ya zo da irin wannan hanya. Amma ina ribar ɗan kwangila a nan?

Saboda haka, ya ku matasan ma'aikata, in an kawo muku takardar sayen sabuwar na'ura, kafin ku sa hannu ku tambaya: don me ɗalibi mai neman sunansa kaɗai zai jira a ɗora sunayen jami'a duka?