Uwar yara ta yi tafiyar kwana 10, to ina uban yake?

Yau maganar ta magidanta ce, kuma mun san ba kowa za ta yi wa daɗi ba.

A garuruwanmu in uwar yara ta kama hanya, ko biki ne a Tasawa, ko gaisuwar mutuwa a Madawa, ko rakiyar mara lafiya zuwa Galmi, tun motarta ba ta bar tasha ba an raba yaran kamar kayan gado. Ƙaramin a kai wa kaka, na tsakiya a tura gidan gwaggo, sauran a jibge wa kishiya ko maƙwabciya ba tare da an tambaye ta ko tana iyawa ba. Maigida kuma ya ja kujera zuwa fada, ana zuba mashi shayi yana cewa "ni kwanan nan gwauro ne". A kwashe da dariya. Mu dai ba mu ga abin dariya ba. Ƴaƴan da kai ka raɗa wa suna, a ce kwana 10 ba ka iya riƙe su?

Ku auna da abin da muke gani duk shekara. Da an gama girbi, magidanta daga Adar zuwa ƙasar Damagaram su hau mota su tafi bida: Abijan, Legas, Libiya, Aljeriya. Wata 6, wata 8, wani sai shekara 2. Matar da aka bari ita ce uwa, ita ce uba. Ita ke daka, ita ke ruwa, ita ke itace, ita ke kai jariri awo, ita ke zuwa gaban mushe in yaro ya yi laifi a lakwal. Aike ya zo ko bai zo ba, dole tukunya ta hau wuta. Ba mai ce mata sannu. In ta fita neman abin da za ta ba su, a ce ta cika yawo tun da mijinta ba shi nan. Amma namiji ya yi wa ɗansa wanka sau ɗaya, unguwa ta rabu biyu: rabi na cewa waliyyi ne, rabi na cewa an shanye shi.

Wannan al'ada tana da waɗanda ke biyan kuɗinta, kuma ta farko ita ce babbar ɗiya. Yarinya ƴar shekara 11 ko 12, da uwarta ta fita sai a ce ta aje kayye ta ɗauki muciya. Ita ce dahuwa, ita ce goyo, ita ce wanki. Sati 2 ba ta je aji ba, in ta koma an wuce ta, in ta faɗi jarabawa a ce daman ba ta da kai. Tun watan Disamba na 2017 ƙasarmu ke da kudurin doka na kare karatun ƴa mace, amma ba dokar da za ta shiga tsakar gidanka in kai uban ka mai da ɗiyarka ƴar aiki don kar ka rasa hira.

Na biyu lafiyar yara. Yawancin tafiye-tafiyen mata lokacin hutun lakwal ake yin su, wato tsakiyar damina, lokacin sauro. Daga watan 7 zuwa watan 10 ma'aikatan lafiya na bi gida gida suna ba yara ƴan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin masassarar cizon sauro. Kowane zagaye kwana 3 ne: na ranar farko a gabansu ake sha, na sauran kwana 2 a gida ake badawa. In uwa ba ta nan, wa ke tunawa? Magidanta nawa suka san inda karnen awon ɗansu yake? Nawa suka san yaron da ke ture sange da dare, da wanda in ya yi shiru ciwo ne ke cin shi? Masassarar yaro ba ta jiran mota ta dawo daga Yamai. Tun 2006 aka ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gwamnati, ko da wani lokaci sai an sayo magani a waje. Amma sai an samu mai ɗaukar yaron ya kai shi tun jiki bai yi tsanani ba.

Na uku ita kanta matar. Ta tafi jinyar uwarta, amma salula ba ta hutawa: ina gishiri, ina takalmin wane, yaushe za ki dawo? Kwana 4 ta baro mara lafiya a kan gado ta juyo, don an nuna mata gida zai rushe.

Mun san amsar da za a ba mu: namiji na wajen nema, in ya zauna gida wa zai kawo cefane? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a rufe shago ko a aje kabu-kabu ba. Taimakon kaka da gwaggo da maƙwabta arziki ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma neman taimako daban, sauke kaya a kan wani ka yi gaba daban. Wanda ke da awa 3 na fada bayan isha'i, yana da lokacin da zai duba ko yaransa sun ci, ya ɗaura masu sange, ya kwana kusa da su. Koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, ba ilimin jami'a ba ne. Mai tuwon kasuwa ma tana nan.

Ku kuma iyayenmu mata da ƴan'uwa mata, ku ma da rabonku. Sau da yawa ku ne ke fara cewa "mijin-ta-ce" in kun ga ɗanku ko ƙanenku da yaro a kafaɗa. Ku tuna Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Wa zai ce girmansa ya ragu?

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kafin ta tafi, malam, ka zauna da ita minti 15: ina karne, wane ke shan magani, ƙarfe nawa ake tashi lakwal, wace maƙwabciya za a kira in ta ɓaci. Ɗiyarka ta je aji kullum. Wadda ta taimaka maka ka kai mata hatsi da sabulu, ka yi mata godiya. In kuma ka ji kwana 10 ɗin sun yi maka nauyi, ka tuna da matar maƙwabcinka da ke cikin wata na 7 ita kaɗai, ka tura yaro ya kai mata ko tiya ɗaya ta gero.

Allah ya raya mana zuri'a, ya maido matafiya gida lafiya.