GYARAN GIDA: Me Za a Shafa wa Daɓen Gareji?

A wannan wata za mu duba daɓen gareji, watau ɗakin da maigida ke ajiye mota ko babur. A gidaje da yawa nan ake jingine keke, nan ake tara buhunan masara bayan kaka, nan kuma yara ke wasa idan ana ruwa. Daɓen yana shan wahala ƙwarai: ga nauyin mota, ga zafin taya, ga baƙin mai da ke ɗiga. Idan aka bar shi haka, yakan yi ta fid da gari, uwargida ta yi ta shara ba iyaka. Idan kuwa aka shafa masa abin da bai dace ba, kafin shekara ta kewayo shafin ya ɓamɓare, kuɗin da da an biya wa yaro makaranta ya tafi a banza.

Shawarata ita ce, ka bincika daɓen tukuna kafin ka je kanti, gama shi ne zai nuna abin da zai iya riƙewa. Iyayenmu mata sun san haka. Sai sun zuba marmara, sun yayyafa ruwa, sun buga da madaɓi har wuri ya yi tauri, sa'an nan su kawo ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, su shafa. Shafi shi ne aikin ƙarshe. Haka yake ga siminti ma.

Gwaji uku ne, ba kuwa wanda zai ci maka kuɗi.

Na fari, laima. Ka yanki leda mai kauri, kamu ɗaya a kowane gefe, wajen santimita 45 ke nan. Ka shimfiɗa ta a daɓen, ka manne gefunanta da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a ƙarƙashinta, ko simintin ya yi duhu, to, ruwa yana tasowa daga ƙasa. Duk shafin da ke toshe fuskar daɓe, laimar nan za ta tura shi ya yi bororo. A yi gwajin nan da damina, cikin Agusta, domin da rani kowane daɓe yakan yi kamar busasshe.

Na biyu, mai. Ka zuba ruwa cokali ɗaya a wurare dabam dabam, musamman inda inji ke tsayawa. Idan simintin ya shanye ruwan, da kyau. Idan ruwan ya tsaya ƙwaya ƙwaya, akwai mai a ciki, fenti ba zai kama wurin ba sai an wanke da sabulun gari da buroshi mai ƙarfi, sau da yawa.

Na uku, ƙarfi. Ka karce daɓen da ƙusa. Idan ta bar ɗan zane kawai, simintin yana da kyau. Idan ta tono gari, fuskar ta ruɓe. Yawancin abin da ke kawo wannan shi ne yawan ruwa a kwaɓi, ko ƙarancin siminti, ko kuwa iskar hunturu ta busar da aikin tun bai yi ƙwari ba. Fenti a kan irin wannan daidai yake da fenti a kan ƙura.

Yanzu sai mu duba abin da ake sayarwa.

Fentin bango, na ruwa ko na mai, a bar shi a bango. Fentin daɓe na gwangwani ɗaya ya fi shi, yana da araha kuma, amma siriri ne. Tayar da ta sha tafiya a kan kwalta takan shigo da zafi, ta tausasa fentin, da gari ya waye ta tashi da shi. Man birki ma yana cin fenti. Ya isa wurin keke da kayan ajiya, amma wanda ya sa shi ƙarƙashin mota ya shirya sake shafi akai akai.

Efoksi gwangwani biyu ne, ƙaro da maganin da ke daskarar da shi. Idan aka haɗa su yakan zama kamar ƙashi, mai ba ya ratsa shi, shara kuma ta yi sauƙi. Shi ne mafi ƙarko a kan daɓen da ya ci gwajin nan uku. Amma yana da halinsa. Ba ya shiri da laima. Rana takan mai da shi rawaya, don haka garejin da ba ƙofa yana bukatar a ƙara masa shafin foliyuretan a sama. Idan ya jiƙe kuma yana da santsi ƙwarai, tilas a barbaɗa yashi mai tsabta, busasshe, tun shafin yana ɗanye, kada tsoho ko mai ciki su zame.

Akwai kuma ruwan silikat. Wannan ba ya yin fata a sama. Nutsewa yake yi cikin siminti, ya haɗu da farar ƙasar da ke ciki, ya ƙara masa tauri, garin ya ragu. Ba abin da zai ɓamɓare, laima kuma tana samun hanyar fita. Ba ya canja launi, ba ya kuma hana tabon mai sarai, sai a ajiye tire da yashi ƙarƙashin inji. Ga daɓe mai laima, da kuma gidan da kuɗi ya yi ƙaranci, shi na fi yabawa.

Jan siminti na tsofaffin gidaje, wanda ake haɗa garin launi cikin kwaɓi, har yanzu yana da daraja, gama launin a cikin jiki yake. Kada dai garin launi ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin siminti, watau kilo 5 a buhu mai kilo 50. Tarazo yana daɗewa, amma ruwan batir yana cin tsakuwarsa. Tayil kuwa, in dai an bar rami a ƙarƙashinsa, ranar da aka kafa jak zai fashe.

Ga ɗan lissafi da zai kare ku daga zamba. Lita ɗaya, idan aka shimfiɗa ta a murabba'in mita ɗaya, kaurinta milimita ɗaya ne. Gareji mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6 yana da murabba'in mita 18. In kana son efoksi mai kaurin rabin milimita, lita 9 kake bukata, in irin wanda ba a tsinka shi da sinadari ba ne. Mai aikin da ya ce lita 2 za ta ishe shi, kaurin takardar littafin makaranta zai bar maka. Ku yi magana da shi a kan yawan lita tun kafin a yi ciniki, a kuma buɗe gwangwanayen a gabanka.

Ranar aiki, a kiyaye waɗannan. Daɓe mai sulɓi ba ya riƙe efoksi, sai a kira masu injin goge tarazo su kankare fuskarsa, a bar shi ya bushe sarai. A cike tsaga tukuna. A haɗa gwangwanayen daidai da awon da aka rubuta, kaɗan kaɗan, gama da zafin Maris da Afrilu haɗin yakan daskare a bokiti da wuri. A yi shafi da yamma, sa'ad da daɓen ya fara hucewa. Da hantsi iskar da ke cikin siminti takan kumbura ta fito, ta bar ƙananan ramuka. A guji ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa. A buɗe ƙofa da taga, a sa safar hannu, a kau da fitila, da risho, da janareta, domin tururin waɗansu fenti yana kama wuta. A fitar da hatsi, kada a mai da shi sai wari ya tafi. Mutum ya iya takawa bayan kwana ɗaya, amma mota ta jira mako guda. Sauri ya haifi nawa.

Wanda bai zuba daɓensa ba tukuna, shi ya fi kowa sa'a. Ya sa magini ya shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare, a ɗan karkata daɓen wajen ƙofa domin ruwa ya fita, a yi ta ba shi ruwa kwana 7, kada kuma a shafa masa kome sai ya cika kwana 28. Kuɗin ledar nan kaɗan ne, amma ita za ta ba shi damar zaɓen duk shafin da yake so daga baya.

Wanda ke zaman haya kuwa, ya wanke daɓen, ya ajiye tiren yashi, ya adana kuɗinsa don ranar da zai yi nasa.