Kakin Yaƙin Bama: Na Asali Ko Kwaikwayo?

A wasu gidaje na Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai tsohuwar akwatin ƙarfe da ba a cika buɗewa ba. In an buɗe sai a tarar da rigar kaki da ta koɗe, da jar dara, da lambobin yabo biyu ko uku, a ce na kakan gida ne da ya je yaƙin Bama. Tambayar da ta kamata ɗalibin kimiyya ya yi ita ce: da me za a gane cewa wannan riga ita ce ta je yaƙin, ba wadda tela ya ɗinka daga baya ba?

Sai an san yadda kayan asali suke kafin a gane jabu. Sojojin Nijeriya na wancan lokaci suna ƙarƙashin rundunar Afirka ta Yamma ta Turawan Ingila, wadda tambarinta bishiyar kwakwar manja ce da haruffan RWAFF a ƙasa. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82, aka tura su Bama. Ta 81 tana maƙala hoton baƙin gizo-gizo a kafaɗa, ta 82 kuwa masu biyu ne gicciye da gammo, abin da duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya a ka zai fahimta. Sunayen barikin Kalapanzin a Kaduna da na Chindit a Zariya duk daga wannan yaƙi suka samo asali. A dajin Bama koren kaya da malafa aka yi yaƙi da su. Jar dara ta fareti ce. Saboda haka wanda ya nuna jar dara ya ce da ita aka ratsa kwarin Kaladan a 1944, akwai gyara a zancensa.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin zare. Kakin wancan zamani auduga ce ko ulu. Zaren roba da ake kira foliyesta a 1941 aka ƙirƙiro shi a Ingila, kuma bai shiga kasuwar tufafi ba sai bayan 1950. A zaro sili ɗaya daga cikin kalmasa, inda ba zai ɓata rigar ba, a sa a madubin ƙara girman abu na ɗakin gwaji. Auduga takan fito kamar shimfiɗaɗɗen tsiri da aka murɗa, ulu yana da ɓawo-ɓawo kamar na kifi, foliyesta kuwa sumul yake kamar sandar gilashi. Makarantar da ba ta da madubin tana da ashana: auduga tana ci da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, ulu yana ƙaurin gashi, foliyesta sai ya narke ya dunƙule ya yi tauri. A gwada zaren ɗinki daban da na yadi, domin mai yin jabu yakan samo tsohon yadi amma ya manta ya ɗinka da zaren zamani.

Akwai kuma fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi da ita. Bayan yaƙi ne masaƙu suka yawaita sa wa yadi sinadarin ƙara fari, wanda ke walƙiya a ƙarƙashin wannan haske. Sai dai wannan gwaji yana ruɗi, don sabulun gari na yau ma yana ɗauke da sinadarin. Rigar asali da wata jika mai tsafta ta wanke da shi za ta yi walƙiya kamar sabuwa. Shi ya sa wanki shi ne ɓarna ta farko da ake yi wa irin waɗannan kaya.

Maɓallai da tambura na lokacin yaƙi galibi tagulla ce, mai nauyi, mai dusashewa. Na sanholo marasa nauyi masu ƙyalli na bayan 1950 ne. A cikin riga akan sami hatimin masana'anta da shekara da alamar kan kibiya, wato shaidar kayan gwamnatin Ingila. Amma hatimi ba wuyar sassaƙawa gare shi ba. Lambobin yabo ma, irin su Tauraron Bama, ba a rubuta sunan mai su aka raba su ba, don haka lamba ita kaɗai ba ta nuna wanda ya je.

A nan ne malamai ya kamata su tsaya. Silin foliyesta guda ɗaya a ɗinkin asali ya isa ya rushe da'awa, amma gwaji goma da riga ta tsallake ba su tabbatar da ita ba. Sun nuna dai ba a kama ta ba. Abin da ke cike giɓin shi ne takarda: littafin sallama daga soja mai ɗauke da lambar mutum, hoton da ya ɗauka sanye da rigar, da bayanin dattawan gida. Mai tara kayan tarihi da ya saya riga ya bar littafin sallama a gindin akwati ya ɗauki ƙwarya ya bar furar.

Ba kowane kwaikwayo ne ha'inci ba. Tsohon soja da rigarsa ta yage zai iya kai sabon yadi wurin tela, ya mayar da tsofaffin tambura a kai don faretin tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu. Wannan riga tarihi ce ita ma, muddin an rubuta gaskiyar shekarunta. Laifin yana kan dillalin da zai jiƙa sabon yadi a ruwan shayi ya shanya a rana, ya sayar da sunan na 1945.

Halin tsaro a Zamfara ya ƙara wa lamarin nauyi. Doka ta hana farar hula sanya kakin soja, 'yan bindiga kuma suna shigar burtu da shi, don haka magidanci na iya ganin ƙona tsohuwar riga ya fi masa kwanciyar hankali. Ƙungiyoyin kimiyya na makarantun sakandare za su iya tare wannan asara da aiki mai araha: su nemi izinin masu gida, su ɗauki hoton riga ciki da waje, su rubuta sakamakon gwajin zare, su kwafe littafin sallama, su bar wa gidan kofe guda a cikin akwatin, su kai ɗaya ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ko gidan adana kayan tarihi mafi kusa.