Jirgin Jidda ya fara daga kudu

Tun Disambar 2024 mutanen Riyad ke hawa jirgin ƙasa na cikin gari, layi shida, tsawon kilomita 176. Jidda kuwa, wadda aka damƙa wa kamfanin Foster + Partners zanen nata jirgin a 2015, aka ce za a gama a 2020, har yau ba a gina shi ba. Yanzu da Saudiyya ta samu ɗaukar nauyin Kofin Duniya na 2034, kuma Jidda na cikin masu masaukin baƙi, dole a sake zama a shata layuka. Buƙatarmu ɗaya ce: a fara daga kudu.

Duk wanda ya san unguwar Mahjar da ke kudancin Jidda ya san dalili. Nan Asibitin Sarki Abdul'aziz yake, ga tashar jiragen ruwa a kusa, ga masana'antu. Wannan yanki ne ya daɗe yana ba birnin 'yan dako, direbobi, masu shara da 'yan aikatau. Gulail da Petromin da Karantina da Sabil, inda Hausawa 'yan Takari suka haifi 'ya'ya har da jikoki, duk katafila ta bi ta kansu daga ƙarshen 2021 zuwa 2022. Unguwanni fiye da 60 abin ya shafa. Amnesty International ta ce mutanen sun haura rabin miliyan, kuma diyyar da aka tsara ta 'yan ƙasa ce kawai. Kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, aka watsu zuwa bayan gari. Matar da a da take takawa zuwa gidan aikinta, yau rabon kuɗin aikin take yi da mai tasi.

Hukuma ta ce lungunan sun zama maɓoyar ɓarayi da 'yan ƙwaya, kuma ba a rasa gaskiya a ciki ba. Amma a daidai lokacin da ake rusau ɗin, a Disambar 2021, aka ƙaddamar da aikin Jeddah Central na riyal biliyan 75 a bakin teku, har da gidan kiɗa da filin wasa. Ashe ba kuɗi aka rasa ba.

Ba a kuma manta da ambaliyar Nuwambar 2009 ba. Sai da mutum fiye da 100 suka rasu, unguwar Ƙuwaiza ta zama kango, sannan aka tuna cewa unguwar talaka ma tana buƙatar magudanar ruwa.

Kada a jira irin wannan. Layin farko ya ratsa Mahjar, motocin bas su bi mutanen da aka tasa har inda suka koma, a sa kuɗin da lebura zai iya biya kullum. Ƙananan ofisoshin jakadancin Najeriya da Nijar da ke Jidda su kai wannan magana gaban hukuma tun ba a sa hannu a kan taswira ba.